Daga Mada zuwa Gusau a kan cinya: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin sayen kujerar yaro ta mota

A tashoshin mota na Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta: yaron da aka ɗora kan cinya ba ya biyan kuɗin mota. Uwar da ta taso daga Mada da 'ya'ya uku za ta biya wurin mutum ɗaya, ta rungume jariri a ƙirji, ta ɗora mai bi masa a gwiwa, babban kuma ya tsaya a tsakanin ƙafafunta. Direba ya cika gaba da mutum biyu, baya da huɗu, a ɗaure but da igiya, a kama hanyar Kwatarkwashi, daga nan a hau babban titin da ya taso daga Funtuwa zuwa Gusau.

A wannan titi ba a tafiya a hankali. Shekarun da aka kwashe 'yan bindiga suna tare hanya sun koya wa direbobi cewa tsira tana cikin gudu, da kuma isa gari kafin magariba. Babu wanda zai ga laifinsu kai-tsaye. Sai dai gudun da ke kuɓutar da mota daga hannun ɗan bindiga shi ne kuma yake mayar da fashewar taya ko karo da tirela ya zama makoki, kuma wanda ya fi kowa rashin kariya a cikin motar shi ne wanda bai biya ko sisi ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, wadda ta fi ko'ina ƙarancin motoci, ita ce ta fi ko'ina yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,421 suka mutu a 2024, sama da 5,081 da ta ƙirga a 2023. Wannan adadi na waɗanda labarinsu ya kai gare ta ne kawai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000 a shekara, domin wanda ya cika a asibiti bayan kwana uku, ko jaririn da aka kai makwancinsa a ƙauye kafin la'asar, da wuya ya shiga littafin kowa.

Hannun uwa ba ya riƙewa

Yawancin iyaye sun yi imani cewa idan wani abu ya faru za su ƙanƙame ɗansu. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato irin gudun cikin gari, idan ta yi karo da abin da ba ya motsi, dukan da jikin mutum zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido, duk abin da ba a ɗaure ba yana cilluwa gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20 ko fiye. Yaro mai kilo 10 yana fizgewa daga hannu da ƙarfin kilo 200, nauyin buhun masara biyu. Idan gudun ya koma kilomita 100, ƙarfin dukan yana ninkawa sau huɗu, ba sau biyu ba.

Dabaru biyu da ake ganin sun fi rungumar kyau sun fi ta muni. Idan uwa ta zagaya bel ɗaya ta ɗaure kanta tare da yaron, nauyinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Idan kuma ta shiga mota da goyo, bayanta da jikin kujera ne za su haɗu a kansa lokacin da motar ta dawo da ita baya.

Jikin jariri ma ba ƙaramin jikin babba ba ne. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, alhali na babba bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, ga kuma ƙasusuwan wuya da ba su gama ƙwari ba. Wannan ne ya sa wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Bertil Aldman, ya fito da kujerar da ke kallon baya a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwantawa da bayansu idan kumbo zai tashi. Idan yaro yana kallon baya, gadon bayansa gaba ɗaya ne ke ɗaukar dukan, kai da wuya kuma suna samun abin jingina. A Suwidin har yau yara kan zauna suna kallon baya har kusan shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda yara suka fi ƙarancin mutuwa a mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar da ta dace tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Ga yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa adadin a kashi 54.

Doka tana nan, a takarda

Najeriya ba ta rasa doka ba. An kafa FRSC a 1988, aka sake mata doka a 2007, sannan aka fitar da Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa a 2012. Tun farkon 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura bel. Matsayinta kan yara a fili yake: wanda bai kai shekara 12 ba mazauninsa baya ne, kuma a ɗaure. A jerin laifuffukan da jami'anta ke yanke wa tara akwai rashin ɗaure yaro, akwai kuma zaunar da shi a inda bai kamata ba. Tarar ta 'yan dubban naira ce, ba ta kai ko kusa da kuɗin kujerar ba.

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Gusau da safe lokacin kai yara makaranta zai ga inda dokar ta tsaya. Yaro a tsaye a tsakanin kujerun gaba, wani ya leƙo da kai ta taga, wani yana kan cinyar mahaifinsa yana riƙe da sitiyari, ana yi masa kallon sha'awa. Masu wannan ba talakawan ƙauye ba ne. Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, waɗanda suka iya sayen mota, suka canja mata gilas mai duhu da rediyo, amma ba su taɓa jin wani ya tambaye su inda jaririnsu zai zauna ba, ko da ranar da aka sallamo shi daga asibiti.

Takardar da ke manne a jiki

Kafin a duba launi ko laushin katifa, sai a juya kujerar a nemi shaidar gwaji. Kujerun da aka yi bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Turai ke bi, suna ɗauke da takarda mai ruwan lemo a manne a bayansu ko a ƙasansu. A jikinta akwai harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da kujerar, misali 1 ta Jamus ce, 11 ta Birtaniya. Sama da wannan za a ga R44/04 ko R129.

R44 ita ce tsohuwar ƙa'ida, kuma da nauyi take rarraba yara: kujerar jarirai har zuwa kilo 13, mai bi mata daga kilo 9 zuwa 18, sai ta manya daga kilo 15 zuwa 36. R129, wadda ta fara aiki a 2013, da tsawon yaro take aunawa, ta wajabta kallon baya har zuwa wata 15, ta kuma ƙara gwajin karo ta gefe, wanda tsohuwar ba ta da shi. Tarayyar Turai ta dakatar da sayar da sababbin kujerun R44 daga watan Satumban 2024. Wannan bai mayar da R44/04 mai lafiya abin zubarwa ba, amma yana nuna inda ragowar hajar za ta nufa, kuma kasuwannin Afirka sun saba karɓar abin da Turai ta gama da shi. Mai ɗauke da R44/01 ko R44/02 ta tsufa ƙwarai, a bar ta.

Kujerun Amurka ba su da takarda mai ruwan lemo. Tasu fara ce, da rubutun da ke cewa kujerar ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayya, tare da sunan kamfani da lambar samfuri da ranar ƙira. Kujerar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu biyu, ba a san ko an taɓa gwada ta ba.

Akwai kuma wata aba da ke yawo a shagunan intanet da shafukan Facebook da Instagram: ƙyalle mai soso da igiyoyi, wanda ake ɗaurawa a jikin kujerar mota, a kira shi kujerar yaro ta tafi-da-gidanka. Arha ce ke sayar da shi. A 2014, jami'an kula da ingancin kaya na yankin Surrey a Ingila sun sa an gwada irinsa a gudun kusan kilomita 48, igiyoyin suka tsinke, mutum-mutumin yaron ya yi sama. Kujerar gaskiya tana da ƙashin roba mai ƙarfi, tana da nauyi a hannu, kuma tana zuwa da littafin bayani.

Batun shekaru yana rikita mutane, domin yara ba sa girma bai ɗaya. Abin dubawa shi ne nauyi da tsawon da aka rubuta a jikin kujerar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sauya shawararta a 2018, ta ce yaro ya ci gaba da kallon baya har sai ya kai iyakar da kujerarsa ta yarda, ba wai sai ranar da ya cika shekara kaza ba. Iyaye kan damu idan suka ga ƙafafun yaro sun lanƙwashe a jikin kujerar baya. Wannan ba dalilin juya shi ba ne. Yara suna zaman harɗe ba tare da wahala ba. Alamar cewa kujerar jarirai ta yi kaɗan ita ce kansa ya kusa kai bakin samanta, ko nauyinsa ya wuce iyaka.

Daga nan sai kujera mai kallon gaba mai maɗauri biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin ƙafafu. Bayan ita sai matakin da aka fi tsallakewa, wato kujerar ƙarin tsawo. Bel ɗin mota an yi shi ne domin babban mutum. A jikin ɗan shekara shida, na ƙasan yana hawa kan ciki maimakon ƙashin ƙugu, na saman kuma yana shafar wuya, shi ya sa yara ke tura shi bayansu ko ƙarƙashin hammata. Idan aka yi karo a haka, bel ɗin na iya fasa hanji ko ya taɓa laka. Yaro yana buƙatar ƙarin tsawo har ya kai santimita 135 zuwa 150, galibi tsakanin shekara 8 da 12.

Gwanjo

Sabuwar kujera ta kamfanin da aka sani tana iya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, don haka mafi yawan masu saye a Gusau ko Kano ko Kaduna gwanjo za su nufa. Gaskiyar magana, gwanjo mai shaida ta fi cinya nesa ba kusa ba. Amma tana da tarko. Kujerar da ta taɓa shiga mummunan haɗari an gama da ita, ko da ido bai ga tsagewa ba, kuma dila ba ta zuwa da tarihi. Kamfanoni kuma kan sa wa kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, domin roba tana tsufa, balle a inda rana ke gasa ta a cikin mota.

Saboda haka mai saye ya yaye rigar kujerar ya duba ƙashinta a cikin haske. Tsagewa, ko wani farin zane a inda robar ta taɓa lanƙwashewa, ko soson gefen kai da ya karye, duk dalilin ajiye ta ne. Ya ja igiyoyin ya ga ko sun soma zarewa ko an ɗinke su da hannu. Ya kulle maɓallin ya buɗe sau da yawa ya ji ƙarar kamawarsa. Idan littafin bayani ya ɓata, lambar samfurin kan isa a samo shi a shafin kamfanin. Kujerar da aka karɓa daga ɗan'uwa ko abokin aiki wanda aka san tarihin motarsa ta fi ta kasuwa kwanciyar hankali.

Ita kanta motar tana buƙatar irin wannan bincike. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka sun taɓa yin haɗari aka gyara su, kuma mai gyara ya fi kula da fenti fiye da bel. Idan aka fizgi bel da ƙarfi bai cije ba, babu kujerar da za ta zauna a kansa.

Ɗaurawa

Kujera mai tsada da aka ɗaura a sakwarkwace ba ta da bambanci da kwando. Hanyoyin ɗaurawa biyu ne: ko da bel ɗin mota, ko da wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a tsakanin mazauni da majinginin kujerar baya, waɗanda Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH. Motocin Amurka da aka ƙera daga ƙarshen 2002 suna da su, wato yawancin Corolla da Camry da ke yawo a Gusau, ko da masu su ba su taɓa sa hannu sun laluba ba. Tsofaffin Golf da ire-irensu sai dai bel. Duk hanyar da aka bi, idan aka kama kujerar a wurin da bel ya ratsa aka girgiza, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Mai kallon gaba kan zo da wata igiya ta sama da ake maƙalawa a bayan kujerar mota; ita ke hana kan yaro cilluwa gaba, kuma ita aka fi barin ta tana lilo.

Kujera mai kallon baya ba ta shiga gaba matuƙar akwai jakar iska mai aiki a wurin. Jakar tana fashewa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, kuma daidai bayan kan jaririn za ta daka. Tsakiyar baya ta fi nisa da duka ta gefe, amma idan kujerar ba ta kamu da kyau a nan ba, gefe ya fi.

Igiyoyin su kwanta a jiki ba tare da murɗewa ba, a ja su har sai yatsu biyu sun kasa tsunkuno ninki a kafaɗa. Ga jariri sabon haihuwa, kujerar ta kishingiɗa yadda kansa ba zai faɗo kan ƙirji ya toshe masa numfashi ba. A lokacin hunturu, da ake naɗe jarirai cikin tawul da rigunan sanyi, sai a fara ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan a lulluɓa bargon a kan igiyoyin. Kaya masu kauri suna lotsewa lokacin karo, su bar sarari da yaro zai zame ta ciki.

Bazara kuma tana da nata. A watan Afrilu zafin Gusau kan kai digiri 40 ko fiye, kuma motar da aka rufe tana ƙara kusan digiri 10 a cikin minti goma. Ƙarfen maɓalli yana ƙona fata, don haka a riƙa rufe kujerar da zane idan an ajiye mota a rana. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma barinsa a mota don a shiga banki ko masallaci ya isa ya kashe shi. A doguwar tafiya, likitoci na shawartar a tsaya duk bayan kamar awa biyu a fito da jariri ya miƙe. A hanyar Zariya ko Sakkwato wannan na nufin a tsara tun daga gida garuruwan da za a tsaya a cikinsu, domin ba kowane daji ake tsayawa ba.

Waɗanda ba su da mota

Duk wannan bayani ya shafi tsiraru ne. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara suna ƙasa da layin talauci. Yaron Mada da zai je asibiti a Gusau, a kan kabu-kabu zai je, ko a Keke Napep, ko a motar haya mai lodin mutum shida da kaya. Babu kujerar da aka ƙera domin tankin babur.

Abin da ya rage wa irin wannan iyali kaɗan ne, amma ba banza ba ne. Mai yaro ta nemi baya, ta bar gaba. Ta kwance goyo kafin ta shiga. Idan akwai bel, ta ɗaura wa kanta ita kaɗai, domin babban da ba a ɗaure ba shi kansa makami ne a kan yaron da ke gabansa. Yaron da ya tasa, idan hali ya yi, a biya masa wurinsa a ɗaure shi. Bel da bai yi masa daidai ba ya fi babu, in dai na ƙasan ya sauka kan ƙugu. A kan babur kuwa hular kwano ce kawai kariya, wadda aka fara tilasta sa ta a farkon 2009 aka kuma watsar a mafi yawan garuruwan Arewa.

Sauran aikin na hukuma ne. Tilasta wa talaka sayen abin da ya fi albashinsa ba zai haifar da komai ba sai sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin titi. Wasu ƙasashe ta wata ƙofa suka shiga: a Niw Zilan, ƙungiyar kula da jarirai ta Plunket ta shafe shekaru tana bayar da hayar kujeru a farashi mai sauƙi, tunda jariri ba ya wuce shekara guda da 'yan watanni a kujerar farko. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suna ganin mata masu awon ciki kullum, kuma minti biyar na bayani a ranar awo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Abokan aiki da ke haɗa kuɗi su sayi atamfa da kayan jarirai ranar suna za su iya haɗawa su sayi kujera. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin abin da ke shigowa ta tashoshin ruwa da kan iyaka, har da ƙyallen nan da ake tallatawa a intanet. Hukumar ZAROTA ta jiha da ƙungiyar direbobi ta NURTW su ke da iko da tasha, inda ake yanke hukuncin mutum nawa za a cusa a gaba.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma an riga an ci rabin wa'adin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin FRSC na Gusau ya nemi sanin yara nawa suka mutu ko suka ji rauni a titin Tsafe zuwa Bunguɗu a bara, da kuma direbobi nawa aka ci tara saboda zaunar da yaro a gaba. Dokar ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.